Kwamfutoci 40 a kulle, yaranmu na zana su a littafi

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, kuma na san a zauren nan akwai malamai da tsofaffin shugabannin makarantu, shi ya sa na kawo ta nan.

Ina cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen gari mai sa ido kan makaranta, na sakandaren 'yan mata da 'yata take karatu, a wata ƙaramar hukuma da ke nesa da babban birnin jiharmu. Ba sai na kama suna ba. Bayan mun tashi taro muka ce a zaga da mu mu ga makarantar. Muka iso wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu. Sai da aka tura yaro a babur gidan mai kula da sito kafin a samo makulli. Da aka buɗe, wallahi jikina ya yi sanyi. Kwamfutoci 40 ne jere a kan tebura, an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi kaurin da za ka rubuta sunanka da yatsa. Wasu ko daga kwali ba a fitar da su ba. A lungu ga batiran sola guda takwas, duk sun kumbura. Aka ce shekara uku ke nan da kawo su.

Da na koma gida na ce wa Sadiya ta kawo mini littafinta na darasin kwamfuta. Na ga ta zana allon kwamfuta da madannai da biro, malami ya ba ta maki 8 cikin 10. Tana aji biyar, ba ta taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba. Baɗi in Allah ya kai mu za ta zana JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta.

Kullum kukanmu shi ne ba a ba ilimi kuɗi. Na yarda. To amma wanda aka riga aka kashe fa? Kayan suna nan, yaran suna nan, tsakaninsu bango ɗaya ne da kwaɗo biyu. Wa ya kamata in tuhuma?

Abu Mus'ab:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiya, abin da ka gani babu daɗi, amma kada ɗaki ɗaya ya ɗauke mana hankali daga babbar matsalar. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Ka shiga ajin farko na kowace makarantar je-ka-ka-dawo a cikin gari ka ƙirga kawuna. Yara a ƙasa, yara a bakin taga. Wannan ba rashin iya sarrafa kaya ba ne, kayan ne babu. Ba a yabon iya girki a gidan da babu hatsi.

Baban Sadiya:
Malam Abu Mus'ab, ai a wannan gidan hatsin yana rumbu, an kulle shi ne har ya fara ruɓewa. Shi ne abin da ya dame ni.

Tsohon Firinsifal:
Salamu alaikum. Baban Sadiya, Allah ya saka da alheri da ka zaga, don yawancin 'yan kwamiti a ofis suke zama su sa hannu su tafi. Na yi shekara 35 ina aikin koyarwa, 11 daga ciki ina shugabancin makaranta, kuma ni ma na taɓa kulle irin wannan ɗakin. Ba ina alfahari da hakan ba ne, amma bari in gaya maka yadda ake kai wa nan.

Ranar da aka kawo kaya, kai shugaban makaranta kake sa hannu a takarda cewa ka karɓi kaza da kaza. Daga ranar sun zama a wuyanka. Idan masu binciken kaya suka zo, abu ɗaya suke yi: ƙirga. Arba'in aka kawo, arba'in suke son gani. Idan ɗaya ta ɓace ko ta ƙone, takardar tuhuma ce, wani lokacin a ce a cire daga albashinka, ko maganar ta biyo ka har ranar da za ka miƙa mulki ka yi ritaya. Amma a duk shekarun nan ban taɓa ganin wanda ya zo ya tambaye ni ɗalibai nawa ne suka zauna gaban kwamfuta a zangon nan ba. Ko sau ɗaya. To ka ga mutumin da ya buɗe ɗaki yana iya shiga uku, wanda ya kulle kuwa babu abin da zai same shi. Yawancin mutane za su zaɓi kullewa.

Sannan ga kuɗin gudanarwa. Ana kawo maka kayan miliyoyi, ba a haɗa maka da kuɗin man janareto ko na mai gyara ba. Da can ɗan abin da iyaye suke biya da shi muke sayen alli, mu gyara famfo, mu ba maigadi na goro. Da aka ce ilimi kyauta ne aka hana karɓar ko sisi, kuma niyyar mai kyau ce, ni ma na goyi baya. Sai dai abin da zai maye gurbinsa wani lokacin ya zo, wani lokacin a yi watanni shiru. Na sha sayen alli daga aljihuna.

Kuma wannan ciwo ba sabo ba ne. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, gwamnatin tarayya ta shigo da injinan koyar da sana'a daga ƙasashen gabashin Turai irin su Bulgeriya, don darasin da muke kira Intro Tek. Ina sabon malami na tarar da su a makarantar da aka fara tura ni: manyan akwatunan katako a gindin dogon yaro, ba a taɓa buɗe su ba. Babu ɗakin da za a girka su, babu wutar lantarki a garin, babu malamin da ya san kansu. Gara ta cinye katakon, ruwan sama ya gama da ƙarfen. Da na karanta labarinka sai na ga akwatunan nan a idona. Shekara sama da 40, kayan ne kawai suka canja.

Maman Hafsa:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ji bayaninka kuma na fahimta. Amma ka yi haƙuri, ni uwa ce. Tsoron takardar tuhuma bai kai a hana yara ɗari-ɗari haƙƙinsu shekara uku ba. Ai ko ba a tambaye shi a duniya ba, za a tambaye shi a gaban Allah. Amana ce.

Tsohon Firinsifal:
Gaskiyarki 'yata, ban musa ba. Ina dai so a gane cewa idan aka cire wannan shugaban aka kawo wani, in dai abin da ake bincika bai canja ba, shi ma kwaɗon zai saya.

Malamin Fiziks:
Ni a wurina kwamfuta ƙaramin abu ce. Abin da ya fi kowane kaya tsada a makaranta malami ne, albashi ne ke cinye mafi yawan kuɗin ilimi, kuma a nan ake ɓarnar da ta fi kowacce.

Ni Fiziks na karanta. A makarantar da nake, a ƙauye, ni ke koyar da Fiziks daga aji huɗu zuwa shida, ni ke ɗaukar Lissafi na aji shida, kuma tun da malamin Kemistiri ya samu canjin wurin aiki zuwa birni, shekara biyu ke nan, ni nake leƙa ajinsa da abin da na tuna daga jami'a. Darasi 34 nake da su a mako. Abokina da muka gama tare yana wata makaranta a tsakiyar birni, su tara ne a darasi ɗaya, shi darasi shida yake shiga a mako. Albashinmu ɗaya. A takardar ma'aikata idan aka haɗa jimillar malamai aka raba da jimillar ɗalibai, lissafin ba ya yin muni sosai. Amma ɗalibin ƙauye ba ya cin moriyar malamin da ke zaune a ɗakin malamai na birni yana jiran a tashi.

Kuma kowa ya san yadda ake samun canjin nan. Takarda daga wani babba, shi ke nan.

Malama Ummu Khalil:
Malam, ka taɓo inda yake mini ciwo, don ina cikin waɗanda kake nufi. A makarantarmu mu bakwai ne masu koyar da Hausa, kuma na yarda mun yi yawa. Amma kafin a ce mun gudu daga ƙauye, a tambayi abin da ya kore mu.

An taɓa tura ni wata makaranta mai tafiyar awa ɗaya da rabi daga gidana. Ina da goyo a lokacin. Gidajen malamai da ke cikin makarantar rufinsu ya zube, awaki ne ke kwana a ciki. Mace da aure da yara ba za ta je ta kama ɗaki ita kaɗai a garin da ba ta san kowa ba, kun san al'adarmu. Sai jeka-ka-dawo: Adaidaita zuwa tasha, mota zuwa mararraba, sannan ɗan acaɓa. Wannan tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ke nan. Yanzu in ka lissafa kuɗin motar wata, kusan rabin albashi ne ga ƙaramin ma'aikaci. Malamin birni da na ƙauye albashi ɗaya, amma na ƙauyen shi ke biyan kuɗin zuwa aikin. Wa zai zauna?

A gyara gidajen malamai, a ba da alawus na ƙauye da ake gani a ƙasa, a ga in ba a samu masu tafiya ba. Ko kuma a ɗauki 'yan asalin yankin masu NCE da digiri, waɗanda suke zaune a gida babu aiki, a ɗaure su da sharaɗin shekara biyar ba canji.

Malamin Fiziks:
Malama, ban ce ku ne masu laifi ba, kuma maganar gidaje gaskiya ce. Namu ma a rushe suke, a ɗakin gwaje-gwaje nake kwana daga Litinin zuwa Alhamis, na shimfiɗa katifa a bayan teburin gwaji. Amma maza nawa ne a birni da babu goyo babu komai, suna da shago a kasuwa, sai ƙarshen wata a ga fuskarsu? Su nake nufi.

Malama Ummu Khalil:
Waɗannan kam akwai su, ba zan kare su ba. Kuma shugaban makaranta ba ya iya taɓa su, don ba shi ya kawo su ba.

Abu Mus'ab:
Kun ga dai duk maganar ta dawo kan kuɗi. Gidajen malamai kuɗi ne, alawus kuɗi ne, man janareto kuɗi ne. Shi ya sa na ji daɗi da Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma ta ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100 na kasafinta. Sauran jihohi su yi haka, mu ga ko za a ci gaba da wannan kukan.

Ɗan Kwangilar Da Ya Tuba:
Malam Abu Mus'ab, ware kuɗi mataki ne mai kyau, babu mai ja. Amma ni na yi aikin gine-ginen makarantu shekaru, bari in faɗi abin da na gani da idona, a jihohi fiye da ɗaya.

Idan kuɗi ya zo, kowa sabon gini yake so. Sabon gini ana yanka masa kintinkiri, ana maƙala masa allo da suna, ana ɗaukar hoto. Gyaran kwanon da iska ta yaye babu mai zuwa bikinsa. Na taɓa gina sababbin azuzuwa uku a wata makaranta, alhali a bayansu akwai azuzuwa shida da bangonsu lafiya ƙalau, kwano da silin kawai suke nema. Kuɗin ukun nan zai gyara shidan har a yi canji. Na faɗa wa wanda ya ba ni aikin, ya ce abin da ke takarda shi zan yi. Na yi, na karɓi kuɗina, har yau abin yana damuna. Bara na wuce ta wurin, shidan nan bangon ya fara faɗuwa, don ginin da babu rufi damina uku ta ishe shi.

Haka kujeru. Ku duba bayan kowace makaranta za ku ga tsibin ƙarafunan benci. Katakon ne ya karye ko ƙusa ta fita, ƙarfen yana nan da ƙarfinsa. Mai walda ɗaya da kafinta ɗaya za su tayar da ɗari a mako biyu. Amma gyara ba ya cikin kasafi, sabo ne a ciki. Sai yara su zauna a ƙasa suna kallon tsibin ta taga, ana jiran kwangilar sababbi.

Sannan kuɗin ma da ake cewa babu. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya don ilimin matakin farko, wanda ya haɗa har da ƙaramar sakandare. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za ta karɓa. Shekara da shekaru shugabannin UBEC, hukumar tarayya mai kula da kuɗin nan, suna fitowa suna cewa akwai biliyoyin naira a ajiye da jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Wannan ma wani ɗakin ne mai kwaɗo.

Abu Mus'ab:
Wannan na ƙarshen ban da amsa a kansa. Amma har yanzu ina kan bakana, ko an gyara duk bencin da ke bayan makarantu ba za su ishi yaran da muke haifa ba.

Ɗan Kwangilar Da Ya Tuba:
Ba za su isa ba, haka ne. Amma wanda bai riƙe ɗari da kyau ba, in ka ba shi dubu tsibin bayan makarantar ne zai ƙara tsawo.

Ƙanwarku Ɗaliba:
Salam iyayena da yayyena. Ina aji biyu a jami'a yanzu, sakandaren gwamnati na yi, kuma labarin Sadiya nawa ne sak. Mu ma muna da ɗakin kwamfuta, sau ɗaya na ga an buɗe shi, ranar da baƙi suka zo. Aka zaɓi yara 20 masu tsaftar kaya aka zaunar, aka ce kada mu taɓa komai. Da JAMB ta matso sai da mahaifiyata ta sayar da tunkiyarta aka biya mini kuɗin koyo na mako biyu a wani shago. Ƙawata da ba ta samu wannan ba, ranar jarrabawa minti goma na farko kuka ta yi, ba ta san yadda za ta wuce zuwa tambaya ta gaba ba. Ta fi ni ƙoƙari a aji nesa ba kusa ba. Yanzu tana gida.

Wani abu kuma da ba a ambata ba shi ne lokaci. Makon farko na zango shara da noman ciyawa ne, mako na biyu ana jiran jadawali. Ranar kasuwar garinmu rabin aji ba ya zuwa. Da an fara WAEC da NECO kuma sai a kwashe mana bencina a kai ɗakin jarrabawa, malamai su tafi sa ido, 'yan aji huɗu da biyar mu yi ta zama. Zango na uku kusan ba karatu a cikinsa. Gwajin Kemistiri kuwa saura mako ɗaya jarrabawa aka fara nuna mana, mutum 15 a kan kwalba ɗaya, alhali kwalaben suna cikin kabad tun muna aji huɗu.

Malamin Fiziks:
Ƙanwata, abin da kika faɗa a kan lokaci shi ne gaskiyar da mu malamai ba ma son ji. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo. Jadawali ana iya gama shi kafin a dawo hutu. Ni ma ina da laifi, ranar Alhamis da azahar nake kama hanyar gida, Juma'a ba a ganina. Ina gaya wa kaina ai na yi darasi 30 da wani abu, amma ɗaliban Juma'ar ba su san wannan lissafin ba.

Tsohon Firinsifal:
Malam, Allah ya yi maka albarka da wannan gaskiyar. Bari in ƙara abu ɗaya, don kada matasa su ɗauka makarantar gwamnati ba ta taɓa yin aiki ba. A 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ku tambayi likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa masu furfura yanzu, da yawansu can suka fito, kuma 'ya'yan talakawa ne. Gwamnati ɗaya ce, ma'aikata irin ɗaya. Me ya bambanta? An yi musu hukumarsu ta daban, an zaɓo malaman da suka dace da darussan, an ba su wurin zama a cikin makaranta, ɗakin gwaje-gwaje ana shigarsa kowane mako, kuma a ƙarshen shekara ana duba sakamako a tambayi shugaba. Kaya da malami da ɗalibi an haɗa su wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

Malama Ummu Khalil:
Baba, amma fa su zaɓaɓɓun ɗalibai ake kai musu ta hanyar jarrabawa, kuma 'yan kaɗan ne. Mu duk wanda ya zo namu ne, har wanda ya gama firamare bai iya karanta sunansa ba. Ba daidai ba ne a auna mu da su.

Tsohon Firinsifal:
Haka ne Malama, ban ce a auna sakamakonku da nasu ba. Amma buɗe ɗakin gwaji kowane mako ba ya buƙatar zaɓaɓɓen ɗalibi.

Hajiya Goggo:
To ni tsohuwa ce, ban yi boko mai zurfi ba, amma ni ce ma'ajin kwamitin makarantar 'yan matan unguwarmu. Lokacin da shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata ya zo, wanda Bankin Duniya ya ba da rancensa a 2020 aka fara da jihohi bakwai, har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, kuɗin gyara asusun kwamiti aka turo kai tsaye. Muka zauna da shugabar makaranta, muka kira ɗalibai manya muka tambaye su me ya fi damunsu. Mu muna tunanin fenti da katanga, su suka ce banɗaki da ruwa. Ashe akwai yaran da suke fashin kwana huɗu ko biyar kowane wata saboda babu inda za su kewaya. Ba mu sani ba sai da muka tambaya.

Muka kira magini ɗan unguwa wanda 'yarsa take makarantar. Ni da kaina nake zuwa in ƙirga buhunan siminti da safe, in ƙirga da yamma. Muka gyara banɗaki takwas, muka tayar da famfon burtsatse, ragowar muka ba mai walda ya gyara benci. Duk abin da aka kashe muka rubuta a kwali muka manna a bakin ofis, kowa ya gani. Kuɗin ba su da yawa, amma sun yi albarka.

Abu Mus'ab:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, da kowane kwamiti irin naku ne da an huta. Amma na san inda shugaban makaranta ya cika kwamitin da abokansa da surukinsa, aka shafa fenti a gaba aka rufe lissafi. Kuma kada a manta rance ne, jikokinmu za su biya.

Hajiya Goggo:
Shi ya sa nake ƙirga siminti, ɗana. Kuma inda aka yi hakan, iyayen garin suna ina? Kwamitin ai nasu ne.

Mai Sola:
Baban Sadiya, ni sana'ata ke nan, bari in yi magana a kan kayan da ka gani. Batiran nan ajiyar ce ta kashe su. Irin wannan batirin idan aka bar shi ya sauka aka daɗe ba a caja shi ba, ko ruwansa ya ƙafe ba a ƙara ba, ya tafi ke nan. Da ana aiki da su ana kula da su da sun fi haka daɗewa. Wanda ya kumbura kada a sake jona shi, akwai hatsari, kuma a fitar da su daga ɗakin.

Amma farantan da ke kan rufi da wuya su lalace a shekara uku, suna kai shekara 20 da ɗoriya. Ƙurar hunturu ce kawai take rufe su, a wanke da ruwa da tsumma. Idan inbatar, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kwamfuta ke aiki da ita, tana da rai, mai yiwuwa ba sai an sayi batir takwas ba. Makaranta da rana take aiki, lokacin da rana take da ƙarfi. Da ƙaramin adadi za a iya kunna kwamfuta 10 ko 12 daga ƙarfe goma zuwa biyu. In aka zaunar da yara bibbiyu, aji ɗaya zai shiga a rukuni biyu ko uku. Su kansu kwamfutocin a hure musu ƙura kafin a kunna, a duba ko ɓera bai ci wayoyi ba. In ka samu izini zan zo in duba kyauta, kuɗin mota kawai.

Baban Sadiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Gaskiya da na rubuta wannan ina cike da fushi da shugabar makarantar, har na yi niyyar rubuta takardar ƙorafi a kanta. Bayanin Baba ya sa na yi waya da ita ɗazu. Ta ce ita ma a kulle ta gaji ɗakin, kuma a takardar miƙa mulki an rubuta 40, tana tsoron ranar da za a ƙirga a ga 39. Ta ce akwai ɗan bautar ƙasa da ya karanta kimiyyar kwamfuta, yanzu Turanci aka ba shi yake koyarwa, saura masa wata bakwai. Ta yarda a buɗe in dai kwamiti zai tsaya mata.

Baba, ta yaya za mu tsaya mata a hukumance, ba da baki kawai ba?

Tsohon Firinsifal:
Ku kira taron kwamiti, a rubuta a littafin taro cewa kwamiti ne ya buƙaci a buɗe ɗakin don ɗalibai, kowa ya sa hannu, har da wakilin mai gari. Ku ƙirga kayan tare, a rubuta lambar jikin kowace kwamfuta da halin da aka same ta. Ku kai kwafi ofishin shiyya na ma'aikatar ilimi, a buga muku hatimin karɓa, ku dawo da naku ku adana. A ajiye littafi a bakin ƙofa, duk ajin da ya shiga a rubuta rana da sunan malami. Wadda ta lalace kada a jefar da ita, a ajiye gawarta a sito, don mai ƙirga gawa ma yana ƙirgawa. Kuma tun yanzu ku sa malamai biyu na dindindin su riƙa zama da ɗan bautar ƙasar nan suna koyo, in ba haka ba ranar da ya tafi za a mayar da kwaɗon.

Maman Hafsa:
A fara da 'yan aji shida don Allah, su jarrabawa ta fi matsowa. Ni ma gobe zan je makarantar su Hafsa in ce a nuna mini nasu ɗakin.

Mai Sola:
Baban Sadiya, kafin Asabar ka ɗauko mini hoton takardar da ke manne a jikin inbatar, da na bayan faranti ɗaya in za a iya hawa, ka kuma ƙirga mini farantan. Ka turo ta akwatina, don in san kayan aikin da zan taho da su.